Zakaran Ɗorin Baba

A ƙauyenmu, can gefen Nok, an ɗauka ni likita ce. Na gaji da gyara musu, na ƙyale. Gaskiyar magana ita ce zomaye nake kiwo a wani ɗakin bincike na jami'a, kuma zomayen ba na miya ba ne. Malaman da nake yi wa aiki suna neman abin da za a cike gurbin ƙashi da shi idan ya karye ya ƙi haɗuwa. Sukan yi wa zomo allurar barci, su yanke ɗan guntu daga ƙashin ƙafarsa ta gaba, su zuba wani farin gari da suke sarrafawa daga ƙonannen ƙashin shanu ko ɓawon ƙwai, su ɗinke. Daga nan sai a miƙo mini. Ni ce mai ba da abinci, mai wanke keji, mai duba ɗinki, mai riƙe zomo a ɗauki hoton ƙashinsa. Idan sabon ƙashi ya tsiro ya bi ta kan garin ya haye gurbin, malamai su yi murna su rubuta. Idan bai tsiro ba, su rubuta ɗin dai, sai dai ba murna.

Ranar da na kama aiki, shugabar wurin, wata mace mai ƙaramar murya wadda ba ta maimaita magana, ta kai ni gaban kejin ta ce abu biyu take so in riƙe. Na farko, kada in kuskura in kawo mata zomon da bai gama girma ba, domin ƙaramin zomo ko ba a zuba masa komai ba zai cike gurbin da kansa, sai a zaci garin ne ya yi aiki. Na biyu, duk zomayen abinci ɗaya, awo ɗaya, ba ɗan lele. Na ce to. Ba ta san ta gama yi mini bayanin abin da ya faru a gidanmu shekaru da dama da suka wuce ba, ni kuma ban ga dalilin gaya mata ba.

Baba manomin citta ne, kamar kusan kowa a wajenmu, sai dai shi ya ɗauki abin da zafi. Dogo ne marar jiki, dattijo ne kuma a majami'a, irin wanda ake kira elda, amma in kana son ganin ibadarsa ta gaskiya sai ka same shi yana kaftu. Citta ba ta son ƙasa mai tauri, sai an kafce ta da zurfi an farfasa kafin a binne iri a rufe da ganye. Baba yakan kafa ƙafar hagu a gaba, ya ɗaga garma, ya sauke ta har ta nutse. Bai taɓa yarda da kaftun wani ba. Ko gayya aka yi masa, washegari sai ya koma yana bin baya yana tsaki. A lokacin da nake ba da labari ya doshi sittin, ni kuwa ina karatun koyarwa a kwalejin malamai ta garin Gidan Waya.

Bayan an tone citta a shekarar, ya ɗora buhuna a mashin ɗin wani ɗan acaɓa za su kai bakin titi, shi kuma ya ɗare kan kayan. A gangaren rafi mashin ya zame, kaya da mashin suka danne masa ƙwaurin hagu. Fatar ba ta fashe ba, amma waɗanda suka ɗaga shi sun ce ƙafar ta juya tana kallon inda ba ta saba kallo ba. Tsautsayi dai ba ya wuce ranarsa. Tun a bakin rafin, kafin a samo abin ɗaukarsa, abin da yake tambaya shi ne ko zai tashi kafin ruwan fari. Tambayar da ta zauna a gidanmu ke nan daga ranar: ko ƙafar nan za ta sake ɗaukarsa ya yi kaftu.

Ba a yi doguwar shawara ba. A wajenmu a lokacin, in ka ce a kai mai karaya asibiti kamar ka ce a je a yanke masa ƙafa ne. Kowa yana da labarin wani da aka kai da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya, ko da kuwa bai san gidan su mutumin ba. Akwai wani maɗori a wani ƙauye bayan Kafanchan, gadon aikin ya yi, kuma an shaide shi ba ya tsafi, da addu'a yake farawa. Wani daga cikin dattawan majami'a ya ɗan yi gunaguni a kan maganar kazar da aka ce yana karɓa. Baba, yana kwance yana cije leɓe, ya ce kaza ai ma'auni ce kawai, kamar mudu, kuma ba wanda ya taɓa yi wa mudu sujada. Magana ta mutu a nan.

Ga yadda abin yake. Mai karaya zai zo da kaza daga gidansa, namiji ya kawo zakara, mace ta kawo kaza. Maɗori zai ɗora ƙafar mutum, sannan ya karya wa kazar ƙafa ta ɓangare ɗaya da ta mai ita, ya ɗora ta ita ma. Ranar da kaza ta taka, ranar mutum zai taka. Muna da wani tsohon zakara da ya daɗe yana mulkin tsakar gidanmu, amma bai jima ba da Baba ya kai shi majami'a ranar bikin godiyar kaka. Wanda ya rage ɗan saurayi ne, bai ma gama koyon cara ba, in ya buɗe baki sai ka ce ana jan ƙofar langalanga. Shi Mama ta saƙale a hammata suka tafi. Ni aika mini aka yi makaranta, na same su a can ana shirin farawa.

Gidan maɗorin jerin ƙananan ɗakuna ne da suka zagaye wata bishiyar mangwaro. A ƙofar kowane ɗaki akwai kwando a kife, a ƙarƙashin kowane kwando akwai kaza mai ɗaurarriyar ƙafa. Shi kansa gajere ne mai kaurin yatsu, kuma da yake yarensa daban da namu, da Hausa muke magana da shi. Ya shafa ƙwaurin Baba daga gwiwa zuwa idon sawu, idonsa a rufe.

"Baba elda, ka riƙe zuciya," in ji shi. "Ƙafa ya karye waje ɗaya ne, ba wahala."

Maza suka danne Baba, shi kuma ya ja. Ban taɓa jin Baba ya yi irin wannan ƙara ba, ban kuma sake ji ba. Aka shafa man kaɗanya da wani baƙin magani, aka naɗe da tsumma, aka zagaye da tsagin gora da aka saƙa kamar 'yar tabarma, aka ɗaure. Sannan ya karɓi zakaran daga hannun Mama, ya sa babban yatsa, ƙas. Ya ɗora masa da tsinken tsintsiya da zare, ya kife shi a ƙofar ɗakin da aka ba mu.

"Ranar da wannan ya taka ƙasa, kai ma ka taka," ya ce wa Baba. "Kafin nan, ko fitsari a kwance."

Mama ce ta zauna jinya. Ni nakan zo ranar Asabar da garin tuwo da 'yan kayan miya, in koma Lahadi da yamma. Abin da na lura da shi tun zuwan farko shi ne yawancin masu kwanciya a gidan samari ne 'yan acaɓa. Suna kwance suna cacar baki a kan ƙwallo daga ɗaki zuwa ɗaki, kajinsu kuwa sai wanda ya tuna ya watsa musu dusa. Baba ne kaɗai mai furfura a jerin. Ciwo ya hana shi cin abinci. Mama ta dama kunu ya kurɓa kaɗan ya ture, ta tuƙa tuwon acca ya yi loma biyu ya juya wa bango fuska. In ta matsa masa ya yi mata tsawa. Baba mutum ne da bai iya kwanciya ba, duk fushin kwanciyar kuma a kanta yake saukewa.

Zakaran kuwa bai taɓa ture komai ba.

Mama ba mai yawan magana ba ce, kuma ba ta taɓa zaunar da ni ta gaya mini lissafin da ta yi a ranta ba. Amma lissafin a fili yake. An ce mata ƙafar mijinta da ta zakaran nan tafiyarsu ɗaya. Ɗaya ya ƙi ci, ɗaya yana ci. Sai ta zuba jinyar inda ake karɓa. Da sassafe takan shiga daji da tsohuwar tukunya, ta fasa suri ta kwaso gara. Takan gasa ɓawon ƙwai ta daka. Busasshen kifin da nake kawowa ma na ga tana daka shi da ƙayarsa tana cuɗawa da tsaki. Da hantsi ta jawo kwandon rana, rana ta yi zafi ta mayar da shi inuwa, sanyi ya sauko ta lulluɓe shi da zanenta. Mama ta yi kiwon kaji tun tana yarinya, ba wanda zai koya mata yadda ake tayar da kaza.

Matan da ke jinyar 'ya'yansu suka sa ta gaba da tsokana. Wata mai sayar da ƙosai a bakin tasha, ɗanta na ɗaki na kusa da namu, takan leƙo ta ce, "Mama, wannan zakara shi ne maigida yanzu? Ko shayi za mu dafa masa?" Mama ta yi murmushi ta ci gaba da dakanta. Ni ma na yi dariya a lokacin. Ina karanta kimiyya a makaranta, na san sunayen ƙasusuwan jikin mutum da Turanci tun daga ƙoƙon kai har yatsun ƙafa, amma ba a taɓa koya mana tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su haɗu ba.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, mun samu hutu ina can, Mama ta ɗaga kwando da safe za ta zuba gara. Zakaran ya miƙe. Ya sauke ɗaurarriyar ƙafar, ya ɗaga, ya sake saukewa, sai ya bi wata gara da ta tsere, da ɗan gudunsa. Bai tsaya nan ba, ya buga fiffike ya yi cara, kuma a karon farko carar ta fita daidai. Mai ƙosai ta rangaɗa guɗa. Samarin suka hau buga kwanuka daga ɗakunansu, har da waɗanda suka riga Baba zuwa kajinsu na nan kwance. Na ga fuskar Mama a ranar, ban taɓa ganin ta cika da farin ciki haka ba.

Maɗori ya zo ya tsaya yana kallon zakaran. Ya shiga ɗaki ya kwance gorar, ya danna ƙwaurin Baba a hankali, ya sake dannawa. Fuskarsa ba ta yi irin ta masu guɗa ba.

"Baba elda, kumburi ya sauka," ya ce. "Amma da ka ƙara masa lokaci kaɗan."

Baba ya nuna ƙofa da baki. "Kai ka ce ranar da ya taka. Ga shi can ba taka ba, gudu yake yi. Ko dokar taka ta canja ne?"

Maɗori ya sosa ƙeya. Ya ce doka ba ta canja ba, haka babansa ya koya masa, haka kuma yake yi wa kowa. Gaskiya ya faɗa. Samari yake ɗorawa galibi, masu ƙashi ɗanye, da kajin da ba wanda ya damu da su, sai tafiyar tasu ta zo kusa da juna, abin ya yi ta tafiya daidai. Bai taɓa haɗa tsoho mai ƙin abinci da ɗan saurayin zakara mai cin gara da kifi ba. Ya mayar da ɗaurin, ya ba Baba sandar gora, ya ce ya taka a hankali. Baba ya taka. Ya yi gumi, amma ya kai gindin mangwaro ya dawo, ana ta tafi.

Muka koma gida, ranar Kirsimeti da ƙafarsa ya je majami'a. Ya tsaya a gaban jama'a ya ba da shaida, ya gode wa Ubangiji da bai bar shi a hannun masu yanke ƙafa ba. Da matan zumunta suka ɗauki waƙa suna buga tukwanensu, har ɗan rausayawa ya yi a kan sandar. Washegari ya leƙa inda ake shanya citta, jibi ya je gaisuwar mutuwa a unguwar da ke ƙetaren rafi. Sauri ya haifi nawa, in ji masu magana, amma a makon nan ba mai wannan tunanin a gidanmu.

Bayan Sabuwar Shekara ne na ga abin. Yana hawa gado, ya sa hannu ya ɗaga gwiwar, sai na ga tafin ƙafar ya makara, ya biyo baya daga baya. A tsakiyar ƙwaurin, inda Allah bai sa gaɓa ba, ƙafar tana lanƙwasa. Ba ta yi masa ciwo sosai, wannan ne ma ya ruɗe mu. Aka mayar da shi wurin maɗori, ya sake ɗaurewa, wannan karon bai nemi kaza ba. Aka yi ta zama. Ruwan fari ya sauka Baba na kwance. Mazan majami'a suka yi masa gayya suka kafce gonar, da aka gaya masa sai ya tambayi wa da wa suka je, yana jin sunayen yana girgiza kai. Daga ƙarshe maɗorin da kansa ya kira Mama gefe ya ce abin ya fi ƙarfin hannunsa, a kai shi a yi hoto. Ban taɓa riƙe mutumin nan a zuciya ba.

Aka yi hoton a Kafanchan, aka tura mu Jos. Likitan ƙashin da muka samu matashi ne mai haƙurin bayani. Ya ɗaga hoton a jikin taga ya nuna mana kawunan ƙashin biyu, kowanne ya yi sumul ya rufe bakinsa, da duhu a tsakaninsu. Ya ce ƙashi ba kamar fata ba ne da ke warkewa da tabo, shi da ƙashi sabo yake gyara kansa, in dai an bar shi wuri ɗaya. Da farko jini ne ke taruwa a wurin, ya zama wani abu mai taushi, ya zama guringuntsi, sannan a hankali ya ƙanƙare. Ga mai shekarun Baba, a wannan ƙashin, maganar watanni ake yi. In aka yi ta taka shi tun yana da taushi, murje shi ake yi, jiki ya gina a rushe, ya gina a rushe, har ya gaji ya rufe kowane kai daban.

Ya tambayi lokacin da Baba ya fara takawa, na gaya masa. Ya sauke hoton.

"Wa ya ce ya taka?"

 Mama na zaune a kan benci, jakar kayan Baba a cinyarta, tana kallon siminti. Ni kuwa na rasa ta inda zan fara kawo maganar zakara a ɗakin nan mai warin magani.

"Ni na ce," in ji Baba.

Ba a yanke ƙafar ba. Aka yi tiyata, aka datse rufaffun kawunan don su yi jini su farka, aka haɗa su da ƙarfe da kusoshi, aka ɓanɓaro ƙashi daga ƙugun Baba aka cusa a tsakani. Likitan ya gaya mana tun kafin a shiga cewa abin da za a iya ɗiba a ƙugu ba zai cike gurbin duka ba, ƙafar za ta gajarce. Ya ce akwai masu bincike da ke neman abin da za a riƙa cike irin wannan gurbi da shi ba sai an yanki mutum a wani wurin ba, amma abin bai iso gare mu ba tukuna. Ba zan ce wannan maganar ce ta kai ni wurin zomaye ba. Koyarwa na yi na gaji, na ga ana neman ma'aikaciya na nema. Sai dai da suka yi bayanin aikin, na riga sauran masu nema gane abin da ake nufi.

Wannan karon ba kwando a ƙofa. Hoto ake komawa a yi, a ɗaga a jikin taga, mu yi ta kallon duhun nan. Aka daɗe ba abin da ya canja, sannan wani abu kamar hayaƙi ya fara bayyana a wurin, ya yi kauri, ya haye. Ƙashin ya haɗu. Amma ƙafar ta gajarce da kamar faɗin yatsu uku, naman ƙwaurin kuma ya tsotse saboda daɗewa ba aiki. Wani mai gyaran takalma a Kafanchan, Inyamuri ne haifaffen unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, ya ƙara wa takalmin hagu tsayi da tayar mota. Da shi Baba ya koma majami'a, da shi yake zuwa gaisuwa da biki.

Da shuka ta zagayo ya saɓa garma ya tafi gona, na bi shi da ruwan sha. Ya kafa ƙafar hagu a gaba kamar yadda ya saba, ya ɗaga, ya sauke. Garmar ta shiga rabi. Ya sake ɗagawa, ƙafar ta yi rawa, ya dafa ƙotar ya tsaya. Ya gwada sa ta dama a gaba, abin ya ƙi, jikin da ya yi shekara da shekaru yana sara ta gefe ɗaya ba ya komawa ɗaya gefen. Ya je bakin gona ya zauna ya sha ruwa. Ya daɗe yana kallon ƙasar, sannan ya ce in je in kira masa 'yan ƙwadago. Na ji abin a raina ƙwarai. Daga shekarar ya koma tsaga citta a gindin bishiya tare da mata, kuma a nan ma sai da ya samu abin kushewa a yankan kowa.

Zakaran ya girma ya zama ƙato, ja wur, ko ɗingishi ba ya yi. Ya gaji sarautar tsohon, ya cika unguwa da 'ya'ya. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka, to a gidanmu ya hana. Kirsimeti nawa ta zo ta wuce, duk wanda ya kalle shi da maganar miya sai Baba ya ce a ƙyale masa abokin jinyarsa. Yakan ɓantari tuwonsa ya jefa masa. Mama kuwa tun da muka dawo daga Jos ba ta sake ba shi ko ƙwayar dawa da hannunta ba, in ya doshi ƙofar madafa ta bi shi da muciya. Na ɗauka haushinsa take ji. Da tsufa ya kashe shi, Baba ya sa na yanke ƙafar hagun na tafasa na zare ƙashin. Sai ka shafa da kyau kafin ka ji ɗan tudu a wurin karayar. Baba ya murza shi da babban yatsa, ya ce aiki ya yi kyau, ya miƙo mini.

Baba ya rasu bara waccan, ba dalilin ƙafar ba. A kakar da ta wuce na je gida hutu, muka zauna ni da Mama a gindin bishiyar muna tsaga citta, kowa da wuƙarta. Ba ta taɓa tambayata ainihin abin da nake yi a wurin aiki ba, ita ma ta bar mutane suna kira na likita. Ranar sai ta tambaya, da yarenmu, ba ta ɗago kai ba.

"Da gaske ne kuna karya wa zomaye ƙafa?"

Na ce ana yi musu allura tukuna, ba sa ji.

"In zomon ya warke, sai a ce wa mutumin ya tashi?"

Na ce a'a, ba mutumin da ke jiran zomon. Ana gwada maganin ne kawai, kuma ko ya yi aiki a jikin zomo da sauran tafiya mai nisa kafin ya kai ga mutum.

"Me kike ba su su ci?"

Na ce abincinsu na buhu, kowa awo ɗaya.

"Ba ki ƙara wa wanda kika ga ya rame?"

Na ce an hana. Ta tambayi dalili. Na nemi yadda zan kewaye, sai na ga ba amfani, ba yarinya ba ce. Na ce in aka fifita wani, zai riga sauran warkewa, sai a yi kuskuren lissafi.

Ta tsaga citta ta jefa a tabarma, ta ɗauki wata.

"Da na bar zakaran nan da dusa kamar na sauran mutane," ta ce, "da babanku yana kaftu har ya mutu?"

A nan na gane ba haushin zakara take ji ba duk shekarun nan. Tun a kan bencin asibitin nan ta gama nata lissafin, ta ɗauka ita kaɗai, ba ta sauke wa kowa ba. Tausayinta ya kama ni har wuƙar ta tsaya a hannuna. Na gaya mata abin da na sani, kuma ba don in kwantar mata da hankali na faɗa ba, gaskiya ce. Na ce da dusa ko ba dusa, bambancin 'yan kwanaki ne. Ƙashin ɗan zakara makonni yake so, na Baba watanni. Ko tsohon zakaran nan aka kai, ko yunwa aka bar shi da ita, sai ya riga Baba tashi. Ba kazar da za ta iya jiran Baba a duniyar nan.

Ta gyaɗa kai a hankali. Na zaci zan ga sauƙi a fuskarta, ban gani ba.

"Ashe kifin banza na daka," ta ce.

Na ce ba komai, ya wuce.

"Na miyar babanku ne. Ke kika kawo masa." Ta juya cittar a hannunta tana neman inda za ta sa wuƙa. "Lokacin da yake yi mini tsawa, da ma na zauna a wurin har ya ci."

Ta tsaga, ta jefa a tabarma, ta ce in jawo buhun kusa, rana ta fara juyawa.